Buhu Goma Masu Ƙauri

Hor Al Anz, Dubai
9 ga Fabrairu, 2020

Dickson,

"Adda, ki kwantar da hankalinki. Kwana shida a ƙarƙashin ganyen ayaba, daga nan sai rana zalla. Wuta ba za ta ga ƙwaya ɗaya ba. In na saɓa, kada ki ƙara kirana ƙaninki."

Rubutunka ne wannan, na ranar 3 ga Satumbar bara. Hoton takardar yana cikin wayata, har da inda biro ya ɗiga. Na kwafo maka ne don kada ka ce ba ka tuna ba.

Yanzu sai gaisuwa, tunda an koya mana ita. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Yaya matarka Sharon da yara? Yaya Goggo Uwa da ƙafarta? Ni lafiyata ƙalau, in ban da hawan jinin da ka aiko mini cikin buhu.

Kokon ya iso ranar Laraba, buhu goma cif. Shekara takwas ke nan ina aiki a ɗakin gwaji na wannan kamfanin cakulan da ke Al Quoz, kuma duk buhun da ya shigo ni ke farke shi, in shinshina, in yanka, in sa hannu. Ban taɓa kiran kowa ya zo ya tsaya a kaina ba sai ranar nan. Na kira Madam mai kamfanin, na kira masu gasa koko, har direba na kira, na ce su zo su ga kokon gonar mahaifina. Na sa wuƙa na farke buhun farko.

Dickson, ɗakin nan gaba ɗaya ya koma kasuwar kifi. Madam ta toshe hanci da gyale ta ce, "Edith, habibti, kifi kika sa aka kawo mana?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san me zan yi da fuskata ba. Na farke na biyu, na uku, har na goma. Duk ƙaurin hayaƙi.

Ka san abin da na sha kafin a yarda a karɓi buhu goman nan? A bangon ofishin Madam akwai taswirar duniya da allurai a jiki, kowace allura gona ce da muke sayen kokonta. Ekwado na da huɗu. Madagaska na da biyu. Afirka ta Yamma, inda ake noma kusan kashi bakwai cikin goma na kokon duniya, allura ɗaya ce tak, a Gana. Najeriya babu. Da na tambaye ta dalili, cewa ta yi kokon Najeriya na masu sayen tuli ne, a haɗa mai kyau da ruɓaɓɓe a niƙe a zuba sukari. Shekara biyu ina musu da matar nan. Sai da kilo biyar ɗin da ka aiko a Disambar 2018 ya zo, ta gasa, ta ɗanɗana, sannan ta ce in nuna mata Kurmi a taswira. Taswirar ba ta da Kurmi. Da yatsa na nuna mata wurin, kusa da iyakar Kamaru.

Har an zana takardar da za a naɗe cakulan ɗin. An rubuta "Gonar Gwamna, Kurmi, Taraba." Sunan Baba, wanda ya yi shekara talatin yana noman abin nan bai taɓa ganin inda yake ƙarewa ba.

Takardar gwajin tana kan teburina. Gida biyu ne a ƙasanta, na karɓa da na ƙi, kuma hannuna ake jira. Ban sa ba tukuna. Ka rubuto mini abin da ka yi wa kokon nan. Kada ka turo mini murya, ka rubuta.

Yayarka,
Edith

Kurmi
1 ga Maris, 2020

Adda Edith,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Yesu. Muna nan lafiya. Sharon ta yi zazzaɓi amma ta warke. Goggo tana nan, ƙafar ce dai. Ki yi haƙuri da jinkiri, kin san sai na shiga Baissa ranar kasuwa nake samun layin waya in ga saƙo.

Adda, na karanta wasiƙarki sau uku, raina bai yi daɗi ba. Kin yi mini magana kamar ɓarawo, alhali ceton kayan na yi. Ke kina can inda ba a ruwa. Mu nan bara ruwa bai ɗauke ba har tsakiyar Nuwamba. Ka shanya da safe, kafin ka juya baya hadari ya haɗu. Na ga fumfuna ta fara fari-fari a kan tabarma uku. Me kike so in yi, in zauna ina kallo? Sai na kafa gado irin na bandar kifi, na hura wuta ƙasa-ƙasa, ba mai ci ba, ni da kaina na yi kwana uku ina juyawa har idona ya kumbura. Ya bushe ƙayau, ko ƙwaro ba zai kusance shi ba. Da me muke adana masarar iri? Da me muke adana nama? Kifin da kike cewa a aiko miki duk Kirsimeti, da me aka busar da shi?

Rumfar ledar da kika ce a yi don shanya, ban samu na yi ba. Na fara kafa sanduna, mutane suka riƙa tsayawa suna tambaya ko kiwon kaji zan fara. Kin san garinmu.

Kuma tun Baba na da rai, masu sayen koko daga Ondo suke zuwa, na Kamaru ma suna tsallakowa. Ban taɓa ganin wanda ya sa hanci a buhu ba. Sikeli suke ɗorawa, su soka ƙarfe su ga ko ya bushe, su ɗaure su tafi. Su ba su san koko ba ne, sai Madam ɗinki?

Shawarata ita ce, tunda an ce ranar Dubai tana dafa ƙwai, ki hau da shi saman bene ki baza kwana biyu, iska za ta kwashe warin. In bai fita duka ba, ai ba haka za a ci shi ba, sukari da madara za su rufe. Sannan ke ce mai gwajin. Ki sa hannu a gidan karɓa, wa zai sani? Na riga na faɗa a coci cewa sunan Baba zai fito a Dubai. Har shugaban ƙungiyar manoman koko aka naɗa ni a kan haka. Kada ki kunyata gidanmu.

Ƙaninki har gobe,
Dickson Gwamna

Hor Al Anz
6 ga Maris, 2020

Dickson,

Na gode wa Allah da Sharon ta samu sauƙi. Ka gaishe ta, ka gaishe da Goggo. Ni ina nan.

In hau saman bene. Mu shida ne a wannan fulat ɗin, igiyar shanya ɗaya muke rabawa, ranar Talata ce tawa. Amma ko filin jirgin Dubai aka ba ni in baza kokon nan, ba abin da zai fita. Rabin ƙwayar koko mai ne, Dickson. Mai kuwa in ya sha hayaƙi ya sha ke nan. Ka taɓa wanke kifin banda ya koma ɗanye?

Ka ce wa zai sani. Na ɗebi kilo ɗaya na gasa, na niƙa, na zuba sukarin da kake taƙama da shi, na kawo gida. Zaituna, 'yar Kano da muke ɗaki ɗaya, ma'aikaciyar jinya ce, ba ta san komai a kan koko ba. Ta gutsura, ta tauna sau biyu, ta nemi tishu. Ta ce, "Anti Edith, wannan a murhun wa ya faɗa?" Ga wanda zai sani. Duk mai harshe.

Masu sayen Ondo ba sa shinshinawa don ba su da dalili. Naka da na mutum dubu suke juyewa wuri ɗaya, a loda a jirgin ruwa, ya tafi ba suna ba gari. Abin da ya sa ke nan Kwaddibuwa take noma tan miliyan biyu a shekara, kusan kashi huɗu cikin goma na duniya, amma ka shiga kantin cakulan mai tsada a nan ka duba takardu, da ƙyar ka ga sunanta. Gana ce ta biyu, ita aƙalla ta tsare ingancinta, akwai masu duba buhu kafin ya fita. Mu da Kamaru muna biye a baya muna ja wa juna riga. Ekwado kuwa, da ba ta kai mu ba shekarun baya, ta wuce mu muna kallo, kuma nata da sunan gona ake sayensa. Ba ƙasarsu ce ta fi tamu ba. Na karanta duk abin da na samu a kan wannan, babu wani asiri. Suna rufe ƙwayar ta tsumu yadda ya kamata, suna shanyawa yadda ya kamata, shi ke nan.

Sannan ba hayaƙin ne kaɗai ba. Na yanka ƙwaya ɗari uku kamar yadda aikin ya ce. Wadda ta kwana shida a ganye cikinta ruwan ƙasa ne, a tsattsage. Naka fiye da rabi ruwan makuba ne, a cure kamar sabulu. Wannan bai wuce kwana biyu a rufe ba. Ruwan sama ne ya buɗe ganyen shi ma?

Na sa hannu a gidan ƙi. Buhunan za su tafi wurin masu yin man shafawa. Na roƙi Madam, abin da ban taɓa yi ba tun da na zo ƙasar nan, ta ce saboda ni za ta ƙara dubawa sau ɗaya. Kilo biyar daga girbi mai zuwa, ya iso kafin ƙarshen Oktoba. In ya yi kamar na farko, a ci gaba. In bai yi ba, khalas, magana ta ƙare, akwai wata gona a Ekwado da ke jiran gurbin.

Abu ɗaya ya hana ni sukuni. Kilo biyar na 2018 ba shi da aibi ko ɗaya. Hannun da ya yi wancan ba zai yi wannan ba. Ka faɗa mini dalla-dalla yadda ka yi shi.

Edith

Hor Al Anz
20 ga Mayu, 2020

Dickson,

Ina fatan kuna lafiya. Wata biyu da rabi ba amsa. Nan an rufe gari saboda korona, sai da takardar izini ake fita, kamfani ya sallami mutum huɗu. Zaituna ta koma kwana a asibiti. Na ji an hana zirga-zirga a can ma, don haka na ba ka uzuri a watan farko. Amma na ga ka buɗe saƙona ranar 14 ga Afrilu, waya ba ta ɓoye wannan. In fushi kake yi, ka yi, amma ka sa wani ya gaya mini ko kowa na da rai.

Edith

Kurmi
12 ga Yuli, 2020

Edith 'yata,

Ni ce Goggonki Uwa. Sharon ce ke rubutawa, ni ina faɗa, na kuma ce mata in ta rage kalma ɗaya zan sani. Ina gaishe ki da aiki, ina gaishe ki da zaman baƙunta. Duk muna da rai. Cutar ba ta iso mu ba. Ƙafata tana nan yadda kika bar ta, ba ta gaba ba ta baya.

Sharon ta tsinci wasiƙunki a wayar mijinta ta karanta mini. Ba zai amsa miki ba, don tambayar da kika yi ba shi da amsarta. Kilo biyar ɗin nan ni na yi shi.

Ke ba ki da wayo lokacin da ni da ubanki muka yi shekara bakwai a Ikom muna aikatau a gonar mutane. Shi yana sara yana fasawa, ni ina wurin rufi. A can na koya. Ba a ƙirga kwana kawai, hannu ake cusawa cikin tulin. In zafin ya kai inda ba ka iya barin hannunka, a juya. In warin ya tashi daga na giya ya koma tsami-tsami, an kusa. Kamar daddawa ne, sai dai ya fi ta rainin hankali. Da muka dawo gida ubanki ya dasa gonar, ni na ci gaba da rufi har ya rasu. Shi ya sa nasa ya fi na kowa ƙamshi, ko da yake ba wanda ya taɓa biyan ƙamshin.

Bara waccan Dickson ya zo ya ce kina son kilo biyar. Na ce ya kawo. Na rufe a bayan ɗakina, na shanya a kan asabari, hadari ya taso in kwashe, ya wuce in mayar. Kwana goma sha ɗaya. Ya zo ya ɗauka bai ce mini ko sannu ba.

Da aka ce buhu goma, sai abin ya zama na maza. Aka yi taro a gindin mangwaro, aka ɗauki hoto. Na je na ce masa tulin nan bai nuna ba, kada a buɗe. Ya ce mini a gaban mutane, "Goggo, wannan harkar ƙasar waje ce, ki je ki huta." Wani ya ce masa rufi na rage nauyi. Ranar da na ga hayaƙi na tashi a bayan sito na aika a gaya masa ya kashe. Ya sa wa siton kwaɗo.

To, shi ke nan nasa. Saura naki. Shekara biyu kina rubuto wasiƙu a kan kokon nan, kowace da "a gaishe da Goggo da ƙafarta." Ƙafata kaɗai kika sani? Kin yi shekara goma sha takwas a gidan nan kina ganina da ganyen ayaba a ka. Kin karanta littattafai, kin san abin da ake yi a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, amma ba ki taɓa tambayar wa ke rufi a gidan ubanki ba. Kika nemi mai wando. Ban yi fushi ba, na dai ce a rubuta.

In ana so in yi, zan yi. Amma ba zan roƙi ɗan da na goya mabuɗi ba.

Goggonki,
Uwa

Adda, ni ce Sharon. Don Allah kada ki ce a wayarsa na gani.

Hor Al Anz
19 ga Yuli, 2020

Dickson,

Ina gaishe ka. Na ji kuna lafiya, ba daga bakinka ba. Kada ka nemi wanda ya gaya mini, kuma in na ji ka ɗaga wa wani murya a gidan nan a kan wannan, da ni za ka yi.

Na san wanda ya yi kilo biyar ɗin. Na rubuta wa Goggo tata wasiƙar daban, na ba ta haƙuri, don laifina a wurinta bai fi naka ƙanƙanta ba. Ni da ke cika baki a nan cewa matan Afirka ke yin rabin aikin koko ba a ambatonsu, na tsallake wadda ta yi mini wanka na ba ka aikin, don kawai kai ne namijin gida. Wannan zan daɗe ina jin kunyarsa.

Amma ni rashin tambaya na yi. Kai ka sani. Ka karɓi yabo a kan aikin da ba ka iya ba, ka karɓi kujera, ka kori mai aikin a gaban jama'a, sannan ka ce in sa hannun ƙarya don kada a kunyata gida. Hayaƙin zan iya yafewa, tsoron fumfuna ne, kuma ba wanda ya taɓa ba ka cakulan ɗin kokonka ka ɗanɗana. Kwaɗon ne ba zan yafe ba.

Ga abin da za a yi. Ka kai wa Goggo mabuɗin sito har ɗakinta, da hannunka, ba aike ba. Ka gama rumfar ledar, duk mai son ya kira ta ɗakin kaji ya kira. Girbin farko na Satumba, kai ka sara ka fasa ka ɗauko, ita ta rufe, ita za ta ce a juya, ita za ta ce a buɗe. In ta ce kwana bakwai, bakwai ne. A taron ƙungiyarku na gaba ka tashi ka faɗi wanda ya yi kokon da Dubai ta yaba. Na gaya wa Madam gaskiya duka, ta ce in abin ya yiwu, a ƙarƙashin sunan gonar za a ƙara layi ɗaya: "Rufin Uwa Gwamna."

Kilo biyar, a hannun mai kago a Legas, mai aika kaya ta jirgi, ya iso teburina ranar Asabar 31 ga Oktoba ko kafin nan. Zan yanka ɗari uku kamar na kowa. Ba zan rage maka ƙwaya ɗaya ba, kuma zan gane hannun da ya yi.

In ranar ta wuce babu, ko ya zo da ƙauri, ba zan sake roƙon kowa ba. Ranar Lahadi da safe, don nan Lahadi ranar aiki ce, zan cike takardar ba wa gonar Ekwado gurbin. Akwai wani layi a ƙasa inda ake rubuta wurin da aka daina saye da dalili, don kada wani ma'aikaci ya sake gwadawa bayan na tafi. Zan rubuta Kurmi, zan rubuta dalilin, in sa hannu da cikakken sunana, Edith Gwamna. Sannan in ɗauki hoton takardar in aika wa sakataren ƙungiyarku, in ce ya karanta a gindin mangwaro, kana zaune a kujerar shugaba.

Kwana ɗari da huɗu ne daga yau. Goggo tana ɗakinta.

Edith